Hoton Inna na Tafiya Makka

Hoton nan da ke rataye a falo, wanda jikokina suke kira Hajiya mai harara, ni na ɗauke shi, wannan duk kun sani. Kun kuma sha jin ana cewa dole ce ta sa, wai a duk ƙasar Tudun Wada a lokacin babu wanda hannunsa zai iya wannan aiki sai ni. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin ni na ƙaga shi da bakina, kuma tunda waɗanda za su ƙaryata ni duk sun riga mu gidan gaskiya, gara in ƙaryata kaina tun ina iya riƙe alƙalami.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna. Ku da kuka taso kuna ganin uwa tana goye da ɗan farinta tana rangaɗa masa kira a gaban surukai, ba lallai ku gane nauyin wannan magana ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo Hanne, yayar mahaifina, wadda ke aure a Badafi ta ƙasar Kiru. Can na yi wayo, can na faɗo daga kan tsamiya ina ɗan shekara bakwai na tsage girar hagu, Goggo ta ƙona tsumma ta danna mini a wurin tana zagina. Sai da mijinta ya rasu muka dawo gidan Malam, mahaifina, a Tudun Wada, ina da shekara goma sha uku. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, in za ta ambace ni sai ta ce ɗan Goggo. In na je gaishe ta nakan durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon faifan da ke hannunta, ni kuma ina kallon ƙasa. Na san muryarta, na san lallen ƙafarta, na san bayanta in tana daka. Amma da za a jera mini mata biyar sa'o'inta a ce in fitar da uwata ta fuska kaɗai, da na yi jim. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita ake yabon mace a lokacin. Abin bai taɓa damuna ba, ko kuwa haka na riƙa gaya wa kaina.

Shekarar da nake ba ku labari, ana saura 'yan shekaru a sami 'yancin kai, ina malamin awo a Riruwai, inda ake haƙar kuza. Aikina in auna abin da leburori suka wanko, in rubuta. Na yi aure, har an haifi yayarku Binta. Nakan zo gida sau ɗaya a wata, in motar kamfani za ta Kano. A wannan daminar ce Malam ya yi niyyar aikin Hajji ta ƙasa, shi da Inna, cikin ayarin da zai tashi a mota bayan an cire amfanin gona. Kowa a gidan ya san Inna tana da wani farin mayafi a ƙasan adudu wanda ta ajiye tun tana amarya domin wannan tafiya, duk shekara takan fito da shi ta shanya ta mayar. Sai ga sabon abu, hukuma ta ce babu mai fita sai da fasfo, fasfo kuma sai da hoto. Malam ya tafi Kano aka ɗauke shi a Sabon Gari. Ya dawo ransa a ɓace, domin mai hoton ya kama masa haɓa ya juya kamar mai tayin rago, sannan ya shige cikin baƙin ƙyalle ya yi ta leƙensa. Ya ce babu baƙon namijin da zai yi wa matarsa haka. In ba a sami wata hanya ba, ta zauna, Allah ya ga niyyarta.

Goggo ce ta tare ni a soro ranar da na zo.

“Kai da kake cikin Turawa da 'yan boko, ba ka san mai wannan akwatin ba? Ka koya mana. Kai dai ba baƙo ba ne.”

Na san mutum ɗaya. Saje Bawa tsohon soja ne da ya yi yaƙin Bama a zamanin yaƙin duniya na biyu, yana gadin sito a Riruwai. Yana da kyamara a cikin kube na fata, wadda ya ce wani hafsa ya bar masa, kuma ba ya barin ko ƙuda ya sauka a kanta. Mutum ne mai faɗa, mai son a ce da shi Saje ko a masallaci. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni sai ya ce in zo kullum bayan an tashi daga aiki, kafin rana ta yi sanyi.

Ba babba ba ce, ba ta kai tafin hannu biyu ba, amma da nauyi, duk ƙarfe ce. Abu na farko da Saje ya koya mini shi ne wurin da kake leƙawa daban, idon da ke ɗaukar hoto daban. Akwai 'yar taga a kusurwar sama ta hagu, nan za ka sa idonka na dama. Idon gilashin kuwa yana tsakiya, da murfinsa. Saboda haka kana iya leƙawa ka ga duniya fes, alhali murfi yana rufe, ka ɗauki duhu ka tafi gida kana murna. Sati guda cur duk lokacin da na ɗaga ta ban cire murfin ba sai ya buge mini hannu da sandarsa, ni da nake da mata da 'ya. Ya kuma hana ni runtse idon hagu, ya ce wannan ba irin ta Sabon Gari ba ce da mutum ke ɓuya a cikin ƙyalle, rabin fuskarka a waje yake, ka bar idon a buɗe ka ga abin da ke zuwa. Na ji maganar kamar yadda ake jin maganar tsohon soja, ta shiga ta nan ta fita ta can.

Abu na biyu shi ne ainihin aikin. A tsakiyar tagar akwai wani ɗan fili mai ruwan ɗorawa, bai fi ƙwayar gero ba in ka ƙiyasta. Duk abin da ka ɗora wannan fili a kansa sai ka gan shi biyu, ɗaya yana ɗan gefen ɗaya. Sai ka riƙa juya zoben da ke wuyan gilashin a hankali, biyun nan suna matsowa, har su hau kan juna su zama ɗaya. Sa'ad da suka haɗu, to nisan ya daidaita, abin zai fito da kaifi a hoto. In ba su haɗu ba sai ya fito kamar an shafa masa koko. Da turken sito na fara, sannan igiyar shanya, sannan jakin mai kawo ruwa. Duk wannan babu fim a ciki, domin fim sai an yi saƙonsa daga Jos, kuma Saje ya ce ba zai ɓata shi a kan jaki ba. Haske kuma babu abin auna shi, sai dai ka dubi inuwa. In inuwar mutum ta fito baƙa da baki mai kaifi, ka ƙuntata ƙofar gilashin. In tana dishi-dishi ka ɗan buɗe. In kana ƙarƙashin bishiya ka buɗe sosai, amma ka sani da zarar ka buɗe, kuskuren taƙi ɗaya a nisa ya isa ya ɓata fuska. Wajen dannawa kuwa ya ce daidai yake da bindiga, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka ɗauke numfashi, ka matsa, kada ka fizga.

Daga ƙarshe ya zauna a kan benci ya ce in gwada a kansa. Na ɗora filin a kan aljihun rigarsa na haɗa. Ya gane daga yadda na sunkuyar da kyamarar.

“Malamin awo, aljihuna za a manna a fasfo? Ido ake nema. In ido ya haɗu, sauran fuska ta haɗu.”

Na ce ai da nauyi mutum ya tsura wa babba ido. Ya ce shi tasa kunyar a dajin Bama ya baro ta, in kalle shi. Na kalle shi, na haɗa, har na iya yi cikin numfashi biyu. Ya sa mini fim, ya rataya mini kuben a wuya, ya ce in ta sami ko ƙwarzane kada in dawo Riruwai.

Na zo gida ina jin kaina gwani. Aka rataya farin zane a jikin rumbu, aka ajiye kujerar tsugunno a inuwar ɗaki da hantsi, Malam ya koma soro don kada ya ga abin da ya halatta da kansa. Inna ta fito ta zauna. Na tsaya taku uku daga gare ta, kusancin da ban taɓa yi da ita ba tun da aka yaye ni. Na cire murfi, na duba inuwa, na manne hannu, komai yadda aka koya mini. Da na leƙa sai na ga ta karkata fuska wajen murhu, idonta a ƙasa. Ni kuma da filin ya zo kusa da goshinta sai hannuna ya ɗaga shi da kansa ya ɗora a kan ɗinkin zanen da ke bayanta. Na haɗa ɗinkin tsaf. Na danna sau goma sha biyu, duk haka. Goggo tana gefe tana cewa madalla, ashe abin ba wuya.

Direban kamfani ya kai fim ɗin Jos aka wanke, sai bayan sati uku ya dawo da shi. Ban taɓa ganin zane ya yi kyau a hoto kamar wannan ba, kana iya ƙirga zaren. A gabansa kuma ga wata inuwar mace ta juya kai. Duk da haka Malam ya kai Kano, akawun ofishin fasfo ya duba ya turo masa abinsa, ya ce ana son fuska ta fito sosai, ido biyu suna kallon gaba. Ya ƙara da cewa nan da kwana goma za a rufe karɓar takardun wannan ayari. Goggo ta ce da ma an ce ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi mu muna neman yi. A ranar, in ji Talatu ƙanwata, Inna ta mayar da farin mayafinta ƙasan adudu, ta ɗora kaya a kai.

Na koma wurin Saje na shimfiɗa masa hotunan. Na zaci zai yi faɗa, sai ya yi dariya har da tari. Da na gaya masa ni ɗan fari ne sai ya daina. Ya ce don me ban faɗa tun farko ba, ai wannan ba matsala ba ce. In kifa turmi in ɗora kyamarar a kai, in tokare ta da tsumma kada ta motsa. In zaunar da Goggo a kujerar, in haɗa idonta, in zana wa ƙafafun kujerar alama a ƙasa. Sannan Goggo ta tashi, Inna ta zauna daidai wurin, ni in fita soro, wata yarinya a gidan ta danna. Kyamara ba ta san hannun wa ke kanta ba.

Dabara ce mai kyau, kuma na gane hakan nan take. A kan buhunan kuza na zauna a bayan mota daga Riruwai har Tudun Wada, tafiyar kusan wuni a hanyar lokacin, ina juya maganar. Abin da ya tsaya mini shi ne hotunan nan goma sha biyu. Na yi sati ina kallon inuwar macen nan, na ga duk abin da na sani game da uwata ke nan, shekara ashirin da bakwai. Ga shi za ta kama hanyar da ba kowa ke dawowa ba. Ina so in ga fuskarta, kuma ina so ta kalle ni. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba sai yau. Kafin mu wuce Doguwa na riga na yanke abin da zan yi.

Da safe aka sake rataya zanen. Goggo ta tambaye ni ko babu yadda za a yi Talatu ta riƙe abin, tunda ga inda gizo ke saƙa. Na ce babu. Na ce wannan na'ura ba ta karɓar hannun kowa sai wanda ya koya, kuma dole wanda ake ɗauka ya kalli mai ɗauka. Turmi yana nan a gefe, a kife ma, an gama daka. Ban kalle shi ba.

Inna ta fito ta zauna, kanta a ƙasa. Ba ta ɗago ba har inuwar ɗakin ta fara janyewa daga ƙafarta. Sannan Goggo ta yi magana, ba da faɗa ba.

“Mairo, Ka'aba kike so ki gani ko ƙasar tsakar gidan nan? Ɗago. Sau ɗaya ne.”

Ta ɗago. A cikin ɗan filin nan na ga ido huɗu. Na juya zoben suka taho, suka haɗu, suka zama biyu. Fuskarta ƙarama ce, ba kamar yadda na zata ba. Tana da tsaga uku ƙanana a gefen kowane ido, da wani ɗan ɗigo baƙi a farin idon dama, irin wanda Binta take da shi, wanda na sha tambayar inda ta samo. Na ce muku na iya haɗawa cikin numfashi biyu. Na tsaya ya fi numfashi goma, ina taɓa zoben kamar bai daidaita ba. Ita kuma ba ta sauke ido ba, domin an ce mata in ta motsa tafiyar ta ɓaci. Abin da kuke kira harara ke nan. Kallon mace ce da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta, aka ce ta riƙe. Na danna sau uku. Ta tashi ta shige ɗaki ta saki asabari.

Ina mayar da kyamarar kube Talatu ta matso tana leƙe, ta yi maganar da ba ta san nauyinta ba.

“Yaya, ashe wannan ɗan abin kawai ake dannawa? Ai ko ni zan iya.”

Tsakanin inda muke da asabarin bai fi taku biyar ba. Goggo ta dube ni, irin duban da ta yi mini ranar da na faɗo daga tsamiya, ta ɗauki kujerar ta tafi.

Ni da kaina na kai fim ɗin Kano, aka wanke a kwana biyu, akawu ya duba ya karɓa. Farin mayafi ya sake fitowa daga adudu. Ana jibi ayari zai tashi Goggo ta same ni ta ce Inna ta ce ɗan Goggo yana da aiki a Riruwai, kada ya ɓata aikinsa don rakiya. Duk garin ya fita rakiyar mahajjata har bakin hanya, ni ina auna kuza. Wata goma sha huɗu suka yi. Wasiƙa biyu ta iso daga Malam, ya lissafa waɗanda Inna ke gaisarwa har da matata da Binta, babu ɗan Goggo, amma da ma ba a saba sa shi ba, don haka ban san yadda zan karanta rashin ba. Mutum biyu daga ayarin an binne su a hanya. Duk motar da ta shigo Riruwai da labari sai gabana ya faɗi, ba don mutuwar kaɗai ba, har don kada ta tafi da abin a ranta. Wannan shi ne abin da kallon numfashi goma ya ci mini, kuma ban ce an zalunce ni ba.

A cikin wannan jira mutane suka ji labari, masu niyyar Hajji daga Bebeji da Kiru suka riƙa aiko mini in zo in ɗauki matansu. Saje ya ci gaba da ba ni aro, daga baya ma ya bar mini ita. Duk gidan da na shiga turmi nake fara tambaya. In haɗa a kan wata tsohuwa, in yi alama a ƙasa, in nuna wa 'yar gidan inda za ta danna, in fita. Ban taɓa samun hoto ɗaya da ya ɓaci ta wannan hanya ba.

Da suka dawo na je na durƙusa a bakin ƙofa na yi mata barka da sauka. Ta amsa tana kallon tasbahar da ke hannunta, kamar kullum. Aka raba tsaraba, kowa ya sami dabino da kwalli, ni Malam ya ba ni hula. Sai da jama'a suka watse Goggo ta kira ni ɗakinta, ta miƙo mini wani ɗan gwangwani da aka liƙe bakinsa, na ruwan Zamzam.

“Ta ce a ba ka ka shafa a tabon girarka ta hagu. Tun kafin su tafi ta tambaye ni yaushe ka same shi, kuma wa ya kula da kai.”

Sai a lokacin maganar Saje ta dawo mini, cewa rabin fuskata a waje yake. Ni ina can ina satar kallon uwata, ina tsammanin ƙarfe ya rufe ni. Ashe numfashi goman nan mu biyu muka raba shi.

Inna ta ƙara shekara ashirin da wani abu a duniya, wasunku sun same ta. Ba ta sake kallona ba, ni ma ban sake nema ba. Ruwan kuwa na shafa a ranar, a ɗakin Goggo. Tabon yana nan, kuna ganinsa, kuma ba na jin don ya ɓace ta aiko.